Fijo, Roka da A-kori-kura: Tarihin da Ke Bin Hanyar Ƙaraye da Rogo

A ƙasashen Turai, idan mota ta haura shekara talatin ko arba'in tana raye, sai ta tashi daga abin hawa ta koma abin ado. A Faransa doka ta yarda a yi wa motar da ta cika shekara 30 rajista ta musamman a matsayin kayan tarihi, a Ingila kuwa wadda ta kai shekara 40 akan ɗauke mata harajin hanya. Masu irin waɗannan motoci sukan killace su, su riƙa goge su kamar dokin zage, ba sa fito da su sai ranar baje koli. Da za a auna hanyoyin yammacin Jihar Kano da wannan mudu, da an kira su gidan tarihi marar rufi, domin galibin motocin da ke jigilar mutane da amfanin gona a kansu sun kai wannan shekaru ko sun kusa.

Yammedi mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, a yankin da Kano ke haɗa iyaka da Katsina da Kaduna ta wajen Rogo. Ƙasar noma ce ta dawa da masara da rake da kayan lambu, kuma duk abin da aka noma sai an kai shi wata kasuwa kafin ya zama kuɗi. Wanda ya tsaya bakin hanya a lokacin kaka zai ga abin da ke yin wannan aiki: a-kori-kura ƙirar Peugeot ta durƙusa da buhuna, babbar Marsandi mai gajeren hanci da bodin katako tana tafe tana nishi, J5 cike da kwandunan tumatir, da Golf wadda bayanta ya ƙi rufuwa an ɗaure shi da igiya. Babu wanda ya ajiye su don sha'awa. Neman abinci ne ya bar su a kan hanya. Amma kowacce daga cikinsu ta shigo ƙasar nan ne a wani zamani na yalwa ko na tsanani, kuma shaidar zamanin tana nan a jikinta. Wanda ya iya karanta su zai iya karanta tarihin arzikin Arewa na shekara saba'in ba tare da ya buɗe littafi ba.

Zamanin gyaɗa da auduga

Jirgin ƙasa ya riga mota yin tasiri a ƙasar Kano. Layin dogo ya iso birni a 1911, kuma daga kakar 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, har ya kai ga dalar buhunan da aka san Kano da ita da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Sai dai dogon bai bi ta Ƙaraye ba. Layin Zariya zuwa Kano ya ratsa ta gabas, ta Ɗangora da Madobi, wanda ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929 kuma ya ratsa ta yamma. Ƙasar Ƙaraye da Rogo ta zauna a tsakani, saboda haka gyaɗarta da audugarta sun daɗe suna tafiya a bayan jakuna da raƙuma zuwa tasha ko ma'auna. Wannan tazara ta tsakanin gona da dogo ita ce aikin farko da babbar mota ta samu a karkara.

Motocin wancan zamani na Ingila ne, kamar yadda mulkin yake na Ingila: Bedford da Austin da Morris da Commer ga 'yan kasuwa, Land Rover kuma, wadda aka fara ƙerawa a 1948, ga jami'an gwamnati da na En'e da malaman gona masu shiga daji. Bedford samfurin TJ, mai zagayayyen bonet, ta fito a 1958, kuma ba da daɗewa ba aka fara haɗa ta a Apapa ta Legas. Kamfani kan sayar da kai da firam da inji ne kawai, sauran aikin na kafintocin gida ne. Su ke gina bodin katako, masu fenti su zana masa zaki ko dawisu, su rubuta a goshinsa cewa haƙuri maganin zaman duniya, ko su roƙi Allah ya kiyaye hanya. Tun daga nan motar da aka ƙera a Turai ta fara zama 'yar gida, domin rabin jikinta hannun Bahaushe ne ya yi shi.

Akwai alama guda da ke bambanta motocin wannan zamani da na bayansu ko daga nesa, ita ce mazaunin sitiyari. Har zuwa ranar 2 ga Afrilu 1972, a hannun hagu ake tuƙi a Nijeriya, irin na Ingila, sitiyari kuwa yana dama. A ranar ne gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta mayar da ƙasar hannun dama, don ta daidaita da maƙwabtanta da Faransa ta raina, wato Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey. Saboda haka duk tsohuwar Bedford ko Land Rover da aka tarar da sitiyarinta a dama, mai yiwuwa ta ga zamanin fam da sule, tunda Naira ma sai a Janairun 1973 ta fito. Irin waɗannan sun yi ƙaranci ƙwarai. Abin da aka fi gani shi ne gawarsu a bayan gareji, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji suna ƙwai a mazaunin direba.

Zamanin nasu ya ƙare ne tare da abin da ya kawo su. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, sun rushe dalar Kano. Kamfanonin motocin Ingila su ma sun shiga nasu halin a gida. Gurbin da suka bari a fagen manyan motoci Marsandi ce ta cike shi, da samfurin nan mai gajeren hanci da ta fara yi a Jamus a 1959, wanda aka fi sani da lambarsa 911, direbobi kuma ke kira Roka. Kamfanin ya ci gaba da ƙera ta don kasuwannin waje har tsakiyar shekarun 1990, bayan Turai ta daɗe da barin ta, kuma daga farkon shekarun 1980 an haɗa motocin Marsandi a masana'antar ANAMMCO da ke Inugu. Ita ce har yau take shiga inda kwalta ta ƙare, ta ɗauko rake ko hatsi ko shanu.

Fijo ta Kakuri

A ƙarshen 1973 farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu a kasuwar duniya, kuɗi suka kwararo wa gwamnati. Sai ga ƙarin albashin Udoji, wanda kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawararsa a 1974, aka biya ma'aikata har da bashin watannin baya a dunƙule. Malamin makaranta da akawu da malamin asibiti, waɗanda keke ne iyakar burinsu a da, suka fara tunanin babur, manyansu kuma suka fara cike takardar rancen mota. Gwamnati ta ga cewa maimakon a yi ta shigo da motoci gara a haɗa su a gida, sai ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Turai. Volkswagen ta kafa a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Marsandi a Inugu, Peugeot kuma a Kaduna.

Masana'antar Peugeot da ke unguwar Kakuri ta fara aiki a 1975. Hanyar da kayanta suka riƙa bi abin mamaki ce. A lokacin tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe, jirage ɗauke da siminti suna yin watanni a kan teku suna jiran layi. Sai aka zaɓi sama: jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suka riƙa tasowa daga birnin Liyon na Faransa da sassan motoci a cikin akwatuna, su sauka a filin jirgin saman Kano, daga nan a ɗora wa manyan motoci su bi hanyar Zariya zuwa Kaduna. Ke nan Fijon da daga baya za ta zo ta yi lodi a tashar Ƙaraye ta taɓa wucewa ta Kwanar Ɗangora tun tana gunduwa-gunduwa. A farkon shekarun 1980 masana'antar tana fitar da motoci sama da 50,000 a shekara.

Samfuri biyu ne suka kafa sunan Fijo. Na farko 404, wadda ta fito a 1960, mai zagayayyun fitilu da 'yan fikafikai a baya, giyarta a jikin sitiyari. Ita ce ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, a kan hanyoyin da ba su fi na karkarar Kano kyau ba. Na biyu 504, wadda ta fito a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana siffarta, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969, ita ma ta ci Safari a 1975. Ana gane ta da fitilunta masu kusurwa da but ɗinta da ya karye ya gangara ƙasa. Bayansu 505 ta zo a 1979, ta fi su faɗi da ƙawa, amma ba ta kai 504 yawa da tsawon rai ba.

Siyasa ma ta taimaka mata. Ranar 13 ga Fabrairu 1976 aka kashe Janar Murtala Muhammed a Legas, a cikin baƙar Marsandinsa. Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo da ta gaje shi ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, ta mayar da Peugeot motar hukuma, har ga manyan jami'ai. Daga nan 504 ta zama siffar gwamnati a idon talaka. Da ita kantoma ke zuwa rangadi, da ita jami'in ilimi ke zagaya makarantu, ita ce motar asibiti, ita ce ta 'yan sanda. Idan gwamnati ta gama da ita sai a yi gwanjonta, ɗan kasuwa ya saya ya sa ta haya. Doguwar cikinsu mai layi uku na kujeru, wadda aka yi don iyali mai mutum bakwai, ta zama motar tasha mai ɗaukar fiye da haka tsakanin Kano da Gwarzo da Ƙaraye da Funtuwa. Mai buɗaɗɗen baya kuma, ta 404 da ta 504, ta samu sunan a-kori-kura, wato wadda ta zo ta karɓe aikin kurar da ake turawa da hannu.

Wata ƙofar kuma ta hamada ce. A shekarun 1970 da 1980 matasan Turai sun mayar da shi sana'a su sayi tsohuwar 404 ko 504 da araha a Faransa, su tsallaka teku zuwa Aljeriya, su keto Sahara ta Tamanrasset, su sayar da ita a Arlit ko Agadas ko Yamai, su koma gida da kuɗin jirgi da riba. Rikicin Aljeriya da tawayen Abzinawa a farkon shekarun 1990 ne suka rufe wannan hanya. Shi ya sa kasuwar Fijo da kayan gyaranta ta haɗe Kano da Maraɗi da Damagaram ta zama ɗaya.

An daina yin 504 ta zama a Faransa a 1983. Kenya ta ci gaba da haɗa ta har 2004, Kaduna kuwa har 2006, bayan ta fitar da sama da 400,000. Motar da ta fito a zamanin Gowon yana soja ba ta bar layin masana'anta ba sai a zangon Obasanjo na biyu yana farar hula.

Abin da ya hana ta mutuwa

Tsawon ran Fijo yana da dalilai da za a iya nunawa da yatsa. Cikinta ya yi nesa da ƙasa, sifirinta dogo ne mai laushi, saboda haka ramuka da kwazazzabai ba sa karya ta da wuri. Da tayoyin baya take ja, kuma idan aka yi mata lodi nauyin a kansu yake sauka, sai ta ƙara riƙe ƙasa a cikin yashi ko taɓo. Sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa baya tana cikin bututun ƙarfe da ke kare ta daga dutse da ƙura. A-kori-kura kuwa sifirin faranti gare ta, wanda idan ɗaya ya karye ana iya sauya shi, ko a ƙara wasu a kai don ta ɗauki abin da injiniyan Faransa bai taɓa mafarkinsa ba.

Babban sirrin yana cikin injin. Ramukan da fistin ke kai da komo a cikinsu hannayen riga ne na ƙarfe da ake zarewa. Idan sun cinye, bakanike zai sauke inji a gindin bishiya, ya zare tsofaffin, ya zura sababbi da fistin da ringi, ya ɗaura gaskit, injin ya tashi kamar sabo. Mai yana bi ta kafireta ne, wadda ake kwancewa a wanke da fetur a busa da baki. Wuta tana bi ta kwantak da fulogi, waɗanda ake gogewa da takarda mai yashi a daidaita da ido. Babu wani sashe nata da ke buƙatar kwamfuta kafin a san ciwonsa. Ƙwararren bakanike da kunne yake gane matsala, ya ce a ba ta wuta, ya saurara, ya faɗi abin da ya lalace.

A kan wannan sauƙi aka gina sana'o'i masu yawa. Akwai bakanike da mai lantarki da mai gyaran lagireto da mai walda da mai buga bodi da mai faci da mai ɗinkin kujera, kowanne da yaransa masu koyo, waɗanda iyayensu suka kai su hannu da hannu. Kayan gyara kuma suna zuwa daga Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna, sababbi da na hannu, ko daga wata Fijon da ta riga ta kwanta. Saboda samfuri ɗaya ne ya cika ƙasa shekara talatin, ƙofar wannan takan hau waccan, injin waccan ya shiga wannan. Yawancin Fijon da ake gani yau haɗin gambiza ce ta motoci uku ko huɗu, ƙofa fara, bonet shuɗi, inji na wata shekara, giya ta wata. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, amma wannan zumar sai da aka yi ta ƙara mata wata kafin ta kai yau.

Ƙasar Kyuba ta shahara da motocin Amurka na shekarun 1950 da har yanzu ke yawo a titunan Habana, saboda takunkumin da ya biyo bayan juyin juya halin 1959 ya hana sababbi da kayan gyara shiga, dole makanikai suka koyi ƙirƙira. Masu yawon buɗe ido na biyan kuɗi don su hau su. Abin da takunkumi ya yi wa Kyuba, faɗuwar Naira ce ta yi wa Nijeriya.

Kwatano

A 1980 Naira ɗaya ta fi dalar Amurka daraja, ana sayen dala a kan kwabo hamsin da 'yan kai. Farashin mai ya faɗi, bashi ya taru, gwamnatin Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da aka sani da SAP, ta saki Naira a kasuwa. Kafin ƙarshen 1987 dala ta kai wajen Naira 4, a 1993 kuma farashin hukuma ya kai wajen 22. Masana'antun haɗa motoci da kuɗin waje suke sayo yawancin sassansu, saboda haka farashin sabuwar mota ya tashi ya bar albashi a ƙasa. Ɗaya bayan ɗaya suka rage aiki ko suka rufe. A shekarar 1986 ɗin ce kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, manomi ya koma neman kasuwa da kansa, buƙatarsa ta mota ta ƙaru a daidai lokacin da sabuwa ta gagara.

Mafita ta zo daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Jamhuriyar Benin. Motocin da Turawa suka gama hawa ake tarawa a tashoshin Beljiyam da Jamus, a loda su a jirgi, a sauke a Kwatano, direbobi su koro su Arewa, wasu ta cikin Nijar su shigo ta Maraɗi da Jibiya. Sunan garin ya zama sunan kayan: 'yar Kwatano, ko 'yar Beljiyam. Daga nan ma'anar sabuwar mota ta sauya a bakin mutane. Wadda ta yi shekara goma ko sha biyar a Turai, muddin ba a taɓa hawanta a nan ba, sabuwa ce, har a zo a taya mai ita murna.

Wannan zango ne ya kawo yawancin abin da ke kan hanya yanzu. J5, wadda Peugeot ta yi daga 1981 zuwa 1993 a wata masana'anta a Italiya tare da Fiat da Citroën, an ƙera ta ne don masu gidan burodi da masu aikin famfo na Turai. A nan ta zama motar tumatir da tattasai da albasa, tana tashi daga gonakin rani, irin waɗanda suka ƙaru bayan kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, ta kai 'Yankaba ko ta kwana tana gudu zuwa Kudu. Golf ta uku, wadda Volkswagen ta fara a 1991, ta karɓe aikin doguwar Fijo a tashoshi saboda ta fi ta ƙarancin shan mai. Hayis da Kanta daga Japan suka ɗauki nasu rabon. Golf ɗin da aka ƙera a 1993 ta riga ta cika shekarun da Faransa ke kira na tarihi, alhali a tashar Rijiyar Zaki tana jiran fasinja na ƙarshe ne ta kama hanyar Gwarzo.

Lambar mota ma shaida ce. Kafin 1992 lambobin Kano da haruffan KN suke farawa, fararen haruffa a kan baƙin faranti. Daga 1992 aka kawo tsarin da ke ɗauke da sunan jiha da kirarinta da haruffa uku na ƙaramar hukuma, aka sake masa fasali a 2011. Motar da aka tarar a zaure ko a bayan gida da tsohuwar lambar KN, an san ta daina fita tun kafin a haifi yawancin direbobin yau.

Inda suke ƙarewa

A da, idan mota ta mutu a karkara ba ta ɓacewa gaba ɗaya. Maƙera sukan karɓi sifirinta su ƙera gatari da fartanya da adda, domin ƙarfensa na da kyau. Gatarin tayoyinta na baya ya koma ƙarƙashin amalanken shanu, ya ci gaba da kai taki gona. Tayar ta zama takalmi, tif ya zama guga, kujerar ta koma shagon mai shayi, masu zubin tukwane su narkar da farin ƙarfen injin. Gangar jikin kuma takan zauna a gareji shekaru tana ciyar da 'yan'uwanta da sassa.

Yanzu abubuwa uku sun haɗu suna gaggauta ƙarshensu. Na farko mai. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, injin kafireta mai yawan sha ya zama kaya ga mai shi. Na biyu masu gasa. Babur mai ƙafa uku na dakon kaya da ƙananan motocin Japan da ake kira ƙurƙura suna yin aikin a-kori-kura a gajeren zango da rabin man. Na uku 'yan gwangwan, waɗanda ke bin ƙauyuka suna sayen ƙarfe da kilo, su yanka mota da wuta a yini ɗaya, su loda ta a tirela zuwa masana'antun narka ƙarfe. Magajin da aka bar wa tsohuwar 404 a tsakar gida, ga kuɗin taki ga na makaranta, ba za a zarge shi ba idan ya karɓi tayin.

Ba kuma za a ɓoye aibin tsofaffin motocin ba. Birkinsu na zamanin da ne, ba su da abin da ke kare fasinja idan an yi karo, lodin da ake yi musu ya wuce ƙima, kuma rayuka da yawa sun salwanta a cikinsu. Mai jegon da aka ɗauko daga ƙauye cikin dare motar ta mutu a hanya ba ta da abin sha'awa a tsufan Fijo. Kasancewarsu a kan hanya har yau shaida ce ta gwanintar makanikai, shaida ce kuma ta cewa shekara arba'in ke nan manomi bai iya sayen sabuwa ba.

Duk da haka akwai abin da za a yi asara idan suka ƙare ba a ajiye komai ba. Kamfanin Peugeot yana da gidan tarihi a garin Sosho na Faransa, inda 404 da 504 ke tsaye suna sheƙi. A Nijeriya motar da aka fi sani a gidan tarihi ita ce Marsandin Murtala da ke Onikan a Legas, da ramukan harsashi a jikinta, an adana ta ne saboda wanda ya rasu a ciki. Fadar Kano tana da tsohuwar Rolls-Royce da akan fito da ita a manyan bukukuwa. Waɗannan motocin masu mulki ne. Motar da ta kai gyaɗa ma'auna, ta kai amarya ɗakinta, ta kai alhazai filin jirgi, ta kai gawa makwancinta, ita ce ke tafiya a kan sikelin mai gwangwan. Kano tana da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, Ƙaraye tana da fada mai dogon tarihi, jihar tana da kwalejojin fasaha. Bedford ɗaya mai bodin katako, da 404 ɗaya, da 504 ɗaya ta Kakuri da takardunta, ba za su fi ƙarfin ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma kuɗinsu a yau bai wuce nauyin ƙarfensu ba sosai.

Abin da ya fi ƙarfen saurin ɓacewa shi ne ilimin da ke tare da shi. Makanikan da suka koyi aiki a kan 404 sun tsufa, yaransu sun koma gyaran babur ko sun tafi birni koyon na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Tsofaffin direbobi da 'yan kamasho, waɗanda suka san shekarar da kwalta ta iso kowane gari, da nawa ake biya daga Rogo zuwa Kano a zamanin sule, da wane rafi ne ke hana wucewa da damina, suna nan a tashoshi da majalisun bakin hanya, kuma ba su ƙi a tambaye su ba. Ɗalibin tarihi da ke neman abin rubutawa, da wayar hannu kawai zai iya ɗaukar hoton motar da lambar firam ɗinta da muryar mai ita.

Akwai kuma darasi ga masu sake yunƙurin haɗa motoci a Kaduna da Nnewi da Legas. 504 ta yi shekara talatin tana fita daga Kakuri domin ta dace da hanyar da ake da ita, da man da ake samu, da aljihun mai saye, da hannun mai gyara. Motar da za ta gaje ta a karkara sai ta cika waɗannan sharuɗɗa huɗu, ta ƙara da birki mai kyau da ƙarancin shan mai. Kafin a samu wannan, buhunan masarar Yammedi za su ci gaba da zuwa kasuwa a bayan motar da ta girmi direbanta.